In Dara Ta Bar Ki Da Gida Huɗu

Akwai wata tambaya da nake son mu zauna mu duba ta tare a wannan ɗan rubutu, domin kuwa ba na jin akwai macen da ba ta taɓa cin karo da ita ba, ko ta furta ko ta bar wa cikinta. Tambayar ita ce, idan mace ta sami kanta a cikin wasan da tun kafin a fara an riga an fi ta ƙarfi, me ya kamace ta? Ta bi ƙa'ida ko da za a cinye ta, ko kuwa fin ƙarfin da aka yi mata ya ba ta izinin ta yi maguɗi? Zan yi amfani da dara wajen ba da amsa, saboda wasa ne da kusan dukkanmu mun taso mun gan shi, tun daga cikin garin Sandamu har Fago da Rijiyar Tsamiya.

Ba darar maza nake nufi ba, wadda dattawa ke yi a gindin bishiya da guntayen karare da duwatsu. Tamu nake nufi, mai gida goma sha biyu, shida a gabanki shida a gabana, wadda ake haƙa gurabunta a ƙasa ko a sassaƙa a katako. Kowane gida ana zuba masa 'ya'ya huɗu, ko tsakuwa ko 'ya'yan tsamiya ko ƙwallon dabino, jimilla 48 ke nan. In layi ya zo kanki sai ki kwashe 'ya'yan gida ɗaya daga cikin naki, ki bi kina sakin ɗai-ɗai a kowane gida. In na ƙarshe ya faɗa gidan da ke da 'ya'ya, ki kwashe su ki ci gaba. In ya faɗa a gidan da ba kowa, to hannunki ya tsaya, sai abokiyar wasa ta ɗauka. Gidan da ya cika huɗu an ci shi. Kowane gari akwai ɗan bambancinsa, amma gundarin wasan ke nan.

Inda darar take da daɗi, kuma inda take da zafi, shi ne bayan an gama zagayen farko. Kowacce za ta mayar da abin da ta ci cikin gidaje, huɗu-huɗu. Wadda ta ci 'ya'ya 32 ta cika gida takwas, wato ta tsallako ta cinye biyu daga naki. Ke da kika tsira da 16, gida huɗu kawai gare ki. Haka za a fara sabon zagaye, ita da takwas ke da huɗu. Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. A irin darar da aka fi yi, in ana cikin zuba 'ya'ya wani gida ya cika huɗu a kan hanya, mai gidan ce ke ɗauka, ko da kuwa ba ita ke zubawa ba. Kin ga ke nan mai gida takwas tana zaune ma ci yana zuwar mata, har da hannunki kike kai mata. Wadda ta fi ki jiya, jiyan ce za ta taimake ta ta sake fin ki yau.

Wannan tsari ba a dara kaɗai yake ba. A shekarar 1991 wani Ba'amurke mai suna Sid Meier da abokan aikinsa suka fito da wani wasan kwamfuta mai suna Civilization, wanda har yanzu ake ta sabunta shi, wataƙila ma kin taɓa ganin ƙaninki ko ɗanki ya duƙufa a kansa. Mutum yakan fara da kafa gari ɗaya tak, ya yi ta noma da gini da neman ilimi da tara dakaru, shi ya taka kwamfuta ta taka, har ƙasarsa ta zama daula. Wasan yana da matakai, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka yi matakin mai tsanani. Masu wasan ba su ƙara wa kwamfutar wayo sosai ba, kaya suka ƙara mata. Garuruwanta sun fi saurin girma, gininta ya fi araha, a wasu fitowar wasan ma takan fara da ƙarin dakaru da masu kafa gari. Wato dai an ba ta gida takwas an bar mutum da huɗu. Duk da haka akwai gwanayen da ke cinye ta, ba tare da sun taɓa ƙa'idar wasan ba.

To 'yar'uwa, mu dawo tsakar gida. Yarinya marainiya an kai ta ɗaki da 'yan kwanukanta da gado ɗaya, ta tarar facalarta an jere mata ɗaki har ba wurin sa ƙafa. Uwargida ta shekara goma sha biyar tana fama, an wayi gari an kawo mata amarya 'yar masu hali, dangin miji duk sun karkata can. Ko kuwa amaryar ce ta shigo ta tarar da uwargida mai 'ya'ya shida, wadda ta san lagon maigida da na uwarsa. Wata kuma sana'a ce, tana soya gyaɗa tiya biyu tana matsar mai da ƙuli-ƙuli, maƙwabciyarta tana sayen buhu. Dukkan waɗannan da gida huɗu suka tashi, kuma ba laifinsu ba ne.

A irin wannan hali ne ake samun mai ba da shawara. Za ta zo ta zauna a bakin gado ta rage murya ta ce, "Haba 'yar nan, ke kam wace irin sakarya ce? Yo ai ba a yi miki adalci ba tun farko. Wanda ya fi ki ƙarfi ba a bin sa ta gaba. Tashi mu je in kai ki wurin wani mutumi, aikinsa kamar yankan wuƙa." Wata ba boka za ta kai ki ba, za ta koya miki yadda ake kai suka wurin maigida da dare, ko yadda ake rage awo a cika kwalba da wani abin da ba man gyaɗa ba. Ban raina wannan magana ba, domin tana da ƙafar tsayawa. Cewa take ƙa'ida an yi ta ne don waɗanda suka fara daidai, wanda aka fara da shi a ƙasa in ya ce zai bi ƙa'ida ya yarda ke nan a ci gaba da taka shi. Duk wadda ta taɓa kwana da yunwa tana jin ƙamshin girkin kishiya ta san nauyin wannan magana.

Kafin mu yanke hukunci, bari mu ga yadda gwanar dara take yi in ta tashi da gida huɗu, domin ana yi, kuma ana farfaɗowa.

Abu na farko, tana ƙirga. Mai gida takwas tana da wurin ɗauka har takwas, ba ta iya bin kowanne da lissafi, sau da yawa ma ba ta damu ba tunda ci na zuwar mata. Mai gida huɗu kuwa zaɓinta bai wuce huɗu ba, saboda haka tana iya bin kowanne da ido kafin ta miƙa hannu: in na ɗauki wannan, a ina na ƙarshe zai sauka, me zan bar mata a buɗe? Akwai kuma wata ƙofa da ƙa'ida ta bar mata. In ɗanta na ƙarshe ne ya cika gida huɗu, ita ke ci, ko da a ɓangaren abokiyar wasa gidan yake. Wannan cin ba ya zuwa sai da lissafi. Haka abin yake a gida. Matar da kuɗin cefanenta kaɗan ne ta fi kowa sanin farashin gishiri da daddawa, ta san abin da tiya ɗaya ta gero za ta yi mata. Wannan sanin dukiya ne, sai dai da yawanmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, muna can muna ƙirga abin da ke ɗakin wata.

Abu na biyu, ba ta sa wa ranta cinye gida goma sha biyu a zagaye ɗaya. Abin da take nema 'ya'ya 20 ne maimakon 16, wato gida ɗaya ya ƙaru. In ta sami biyar, abokiyar wasa ta koma bakwai. In ta ƙara ɗaya an yi kunnen doki, shida da shida. Mai tiya biyu ta gyaɗa, abin da ke gabanta shi ne tiya ta uku. In ta ce sai ta kamo mai buhu a wata ɗaya, bashi za ta ci, ko ta shiga adashin da zubinsa ya fi ƙarfinta, ranar da ta kasa zubi a yi mata terere a unguwa, 'yar tiya biyun ma ta tafi wajen biya. Gara ki shiga ƙaramin adashi ki yi ta zubi ba fashi, in kwasarki ta zo ki sayi 'yar akuya ki ɗaure. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Abu na uku, tana lura da gidan da ke da 'ya'ya uku, domin shi ne ke bakin ci. In nata ne ba ta barin sa a inda hannun abokiyar wasa zai ƙare. Wani lokaci za ta ga ci a gabanta ta ƙyale shi, saboda ta hango in ta ci huɗu za ta buɗe wa waccan takwas. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne a dara kamar yadda yake a ko'ina. Ki tambayi kanki, a gidanki mene ne mai 'ya'ya uku? Ga wata lafiyarta ce, ga wata karatun 'ya'yanta, ga wata kuma harshenta ne, kalma ɗaya ta rage a ce ta zagi uwar miji. Ranar da aka tsokane ki a tsakar gida kina da amsar da za ta sa kowa ya yi shiru, ki ƙirga tukuna. Sau da yawa wannan amsar ita ake jira ki bayar.

Abu na huɗu, ba ta watsar da 'ya'ya ta tashi cikin fushi. A wasu wuraren in 'ya'ya takwas suka rage a ƙasa, wadda ta ci huɗu ita ke haɗawa da sauran huɗun, gida biyu ke nan a hannu ɗaya. Wadda ta tashi tun tsakiyar wasa ba ta ganin wannan. Gwanayen wasan kwamfutar nan ma abin da suke faɗa ke nan, cewa farkon wasan na tsira ne. Ka tsare garinka, ka lallaɓa maƙwabcin da ya fi ka ƙarfi da ciniki da kyauta, ka yi ta gini a hankali, domin kwamfutar kaya gare ta amma ba ta da dogon shiri, in tafiya ta yi nisa za ka wuce ta.

Mu da muke ƙasar Daura ba sai mun je nesa neman misali ba. A shekarar 1805, zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Ishaku ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Ba shari'ar wancan zamani zan yi ba, dukkansu kakanninmu ne, kuma jikokinsu sun auri juna. Abin da nake son ki duba shi ne halin wanda aka fitar daga birni irin Daura, mai rijiyar Kusugu da tarihin Daurama, ya koma ba shi da ko ganuwa. Dangin Abdu suka kafa Zango a 1825, wani reshen ya zauna a Baure. Ƙananan wurare ne in aka gwada da abin da suka baro, kuma sai da suka shiga inuwar Damagaram, suna kai gaisuwa ga wanda ya fi su ƙarfi. Duk da haka ba su bar gidan ya mutu ba, in sarki ya rasu su naɗa wani, suka riƙe sunansu na sarakunan Daura. A 1904 Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura, shekara 99 bayan fitar Abdu. Ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911 ya yi shekara 55 a kan gado, Muhammadu Bashar ya gaje shi a 1966, sannan Umar Faruk Umar a 2007. Yau Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Daura duk masarauta ɗaya ce.

Na san wata za ta ce, "To ai Yaya, ba dabararsu ce ta mayar da su ba, Turawa ne suka zo." Gaskiya ne, kuma ba wanda ya san Turawa za su zo a lokacin da ake kafa Zango. Waɗanda suka kafa ta ma ba su ga komawar da idonsu ba. Amma ki duba, da a ce sun watse tun shekarun farko, kowa ya kama gabansa, ko sun zuba duk abin da ya rage musu a karo ɗaya an murƙushe su, wa za a ɗauko a 1904? Juyin zamani ba a hannun mutum yake ba, na Allah ne. Abin da ke hannun mutum shi ne juyin ya zo ya same shi yana zaune a bakin dara, da 'yan gidajensa a cike.

Yanzu mu koma kan maguɗi. A dara an san shi sarai: a tsallake gida da gangan, ko a saki biyu a gida ɗaya, ko a maƙale ɗa a tafin hannu sai inda ake so. Yana ba da ci, ba zan ce ba ya bayarwa ba. Sai dai akwai abubuwa biyu da mai shawarar nan ta bakin gado ba ta gaya miki. Na farko, mai maguɗi ba ta koyon ƙirga, tunda hannu ya ɗauke wa kai aiki, ranar da aka sa mata ido kuwa ba ta da abin yi. Na biyu, dara ba a yin ta mutum ɗaya. Yarinyar da aka sani da maƙale ɗa, in ta zo an ga kowa ta tuna aiken da aka yi mata. Mai man gyaɗar da aka kama da algus sau ɗaya, ko ta tuba ta koma sayar da tatacce, yaran unguwa za a riƙa cewa su wuce gidanta. Ita kuwa mai kai suka da bin bokaye, 'ya'yan da take son ta gyara wa gida su ne za su tashi ba sa ga-maciji da 'yan ubansu, ranar da babu ita babu maigida su rasa wanda za su kira ɗan'uwa. A nan ne Bahaushe ke cewa dara ta ci gida.

Amsata ke nan ga tambayar da muka fara da ita. Fin ƙarfi bai halatta maguɗi ba, domin mai gida takwas ba satar su ta yi ba. Facalarki ba ta zalunce ki ba don ubanta ya yi mata kayan ɗaki. Amarya ba ta yi miki laifi ba don an aure ta, uwargida ba ta yi miki laifi ba don ta riga ki zuwa. In kika cuce ta kin ɗora wa wadda ba ta ci miki komai ba bashin da ba nata ba.

To amma fa kada a fahimce ni a karkace. Akwai bambanci tsakanin a fi ki rabo da a zalunce ki. In abokiyar wasa ce ke maƙale ɗa, ba a cewa ki yi haƙuri ki ƙirga, kama hannunta za ki yi ki ce a buɗe, a kira wanda ke kallo ya shaida. In maigida ya hana ki ci da sha da sutura alhali yana da hali, ko ya danne miki ranar girkinki, ko yana dukanki, wannan ya fita daga maganar gida huɗu, ƙa'idar ce aka karya. Kina da waliyyi, kina da iyaye, akwai mai unguwa da liman, in abin ya faskara akwai alƙali. Kai ƙara a inda ya dace yana cikin bin ƙa'ida, kuma duk wadda ta ce miki shiru a kan zalunci shi ne haƙuri ba ta taimake ki ba. Haka nan ku masu gida takwas, ku sani 'ya'yan nan 48 ne ba sa ƙaruwa, zagayawa suke yi, wanda ke gabanki yau ya taɓa zama a gaban wata.

Akwai abu ɗaya da ya rage, wanda ya bambanta zaman gida da dara. A dara in kin cinye gida goma sha biyu an tashi, kowa ta kaɗe zanenta ta tafi. A zaman gida kuwa wadda kika cinye tana nan, gobe da safe da ita za ki haɗu a bakin murhu, ita za ta riƙe miki jariri ranar da kika kwanta ciwo, 'ya'yanta ne za su ɗauki makarar mijinki tare da naki. Saboda haka ki nemi gidanki na biyar da na shida da guminki da lissafinki, in kin samu ki gode wa Allah, ki bar wa 'yar'uwarki wurin da ita ma za ta sa hannu.

Allah Ya ba mu haƙuri da basira, Ya sa wa ɗan abin da ke hannunmu albarka, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Waɗanda ba su yi aure ba Allah Ya kawo nagari. Amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.